Nazarin Lamari: Shekara Guda ta Wani Mai Babur da Ya Ce Zai Riƙa Gyara da Kansa

Tushen lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa ma'aikaci ne da ke zuwa wurin aikinsa a kan babur, tafiyar kusan kilomita 40 a rana idan aka haɗa zuwa da dawowa. Babur ɗin na hannu ya saya, mai injin si-si 125 da silinda ɗaya, irin wanda iska ke sanyayawa kuma ba a cuɗa masa baƙin mai da fetur. Yana da kafireto, da sarƙa mai lamba 428, da birki irin na ganga gaba da baya. Ranar da ya karɓe shi mita tana nuna kilomita 21,000 da 'yan kai. Wanda ya sayar masa bai haɗa masa da littafin kamfani ba, kuma 'yar jakar kayan aikin da akan samu a gefen babur ta riga ta ɓace tun a hannun wani.

Bakaniken da ya yarda da shi yana da nisa da gidansa, har ta kai duk ranar da za a yi wa babur ɗin juye sai ya yi asarar rabin yini. Wannan ne ya sa ya yanke shawarar ya riƙa yin ƙananan ayyuka da kansa, wato juyen mai, da gyaran sarƙa, da canjin fulogi, da daidaita birki. Bai taɓa kwance inji ba, amma yana da hannu a ƙananan gyare-gyaren gida. Yana kuma da ɗabi'ar rubuta abin da ya yi a wani ƙaramin littafi, kuma daga nan aka samo tsarin abubuwan da ke biye.

Wata na farko: akwati da juyen farko

Abin da ya fara yi shi ne sayen babban akwatin kayan aiki mai tarkace fiye da ɗari, bisa tunanin cewa a cikin yawa ba za a rasa wanda ya dace ba. Akwatin yana da soket na milimita da na inci a gauraye, dukkansu masu kusurwa goma sha biyu a ciki, da sukundireba iri-iri, da filaya, da sifana mai daidaita baki. Soket mai lamba 17 da ke ciki ya tsage tun murɗawar farko, don haka ya koma kan sifana mai daidaita baki ya kama kan notin juye da ita. Bakinta bai matse sosai ba, ta zame sau biyu, kusurwoyi biyu na kan notin suka lashe kafin ya kwance.

Da mai ya gama tsiyayewa sai ya mayar da notin tare da tsohuwar washarsa, ya ɗaure iya ƙarfin hannunsa, ya zuba kusan lita ɗaya ta baƙin man mota da ya saura a wata jarka. A ganinsa mai mai ne, tunda lambar kaurin da ke jikin jarkar ta yi daidai da wadda bakanike ke zuba masa. Washegari da safe ya tarar da ɗigon mai kamar faɗin tafin yaro a ƙarƙashin injin.

Wata na biyu: yoyo, santsin kuloci da kafireto

Maganin da ya yi wa yoyon shi ne ƙarin ɗauri. Ya yi haka sau biyu a cikin mako guda, a karo na uku kuwa sai ya ji notin ya yi laushi a hannunsa, yana juyawa ba ya kamawa. Notin na baƙin ƙarfe ne, jikin injin kuma na alminiyum, wanda ya fi laushi nesa ba kusa ba, saboda haka zaren da ke jikin injin ne ya cinye. Ya naɗa wa notin farin tef irin na masu aikin famfo, ya samu ya tsaya, amma yoyon bai daina ba. Daga nan kullum da safe sai ya duba sandar awon mai ya ƙara abin da ya ragu.

A wannan tsakanin kuma kuloci ya fara santsi. Idan yana giya ta sama ya murɗa totur a hawan tudu, sai ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba. Ya sassauta wayar kuloci, ya sake matse ta, bai ga canji ba, sai ya yanke cewa faifan kuloci ne suka cinye, ya sayo sababbi ya ajiye, yana jiran ranar da zai samu ƙarfin halin buɗe murfin injin.

Matsala ta uku ta girmi sauran, domin da ita ya sayi babur ɗin: ba ya tashi da wuri da safe, sai an buga kik sau takwas ko goma. Ya canza fulogi, wanda ya zaɓo ta hanyar kwatanta shi da tsohon da ido, abin bai sauya ba. Sai zarginsa ya koma kan kafireto. Ya ciro shi, ya ɗora sukundireba mai kuros a kan ƙananan kusoshin da ke riƙe da kofin fetur na ƙasa. Biyu suka kwance, na uku kuwa bakin sukundireban ya riƙa tsalle yana fita, yana gatsar kan kusar kaɗan-kaɗan, har kuros ɗin ya koma rami mai zagaye. Ya samu ya cire ta da filaya bayan dogon fama, amma wajen ɓamɓare kofin sai fakin ɗinsa, wato abin da ke toshe bakin kofin don kada fetur ya zuba, wanda ya riga ya bushe, ya tsinke gida biyu. Bai tanadi wani ba. Da ya mayar da kafireton a haka fetur ya riƙa tsatsafowa a kan inji, ga shi ba abin wasa ba ne a hau babur mai zubar fetur, don haka ya jingine shi kwana tara yana neman fakin da ya dace. Da ya samu ya haɗa, babur ɗin ya ci gaba da gardamar tashi kamar yadda yake yi a da.

Wata na uku: sarƙa

Sarƙa ta yi sako-sako har tana dukan murfinta, kuma notocin jan sarƙar sun kai ƙarshe. Ya sayo sabuwa mai lamba 428, ya bar tsofaffin sifoket biyun, wato faifan ƙarfe masu haƙora da sarƙar ke hawa, a wurinsu saboda a idonsa haƙoransu suna nan. Ya ja sarƙar ta miƙe tsam ba ta ko motsi, yana ganin hakan ne zai hana ta saurin saki. 'Yar makullin da ke riƙe mahaɗin sarƙar kuwa ya maƙala ta yadda ta zo masa a hannu, buɗaɗɗen bakinta yana kallon inda sarƙar ke tafiya.

Bayan kimanin kilomita 600 makullin ta fice a hanya, sarƙar ta rabu ta zube a ƙasa. Allah ya taƙaita, a hankali yake tafiya, kuma sarƙar ba ta naɗe a tayar baya ba. Ba shi da wani mahaɗin a aljihu, saboda haka ya tura babur ɗin da ƙafa har gida.

Wata na huɗu: tsayawa da sake lissafi

A nan ya dakatar da komai. Ya kai babur ɗin wurin bakanike saboda zaren notin juye, aka faɗaɗa ramin kaɗan, aka yanka sabon zare, aka murɗa wata 'yar waya mai kama da sifirin a ciki wadda ta mayar da ramin girmansa na asali. Ya tsaya yana kallo har aka gama, ya kuma fahimci cewa wannan aikin ba nasa ba ne. Abu na biyu da ya yi shi ne neman littafin gyaran wannan samfurin babur ɗin, ya same shi a intanet, ya buga shafukan da ke ɗauke da jadawalin sabis da na ma'aunai.

Sannan ya zauna da takarda ya jera ayyukan da yake son ya riƙa yi, a gaban kowane aiki ya rubuta notocin da za a taɓa, da abin da za a auna, da abin da ba ya sake amfani idan an kwance shi. Ya zagaya babur ɗin yana gwada kan kowane noti. Abin da ya gano ya ba shi mamaki: kusan dukkan babur ɗin yana kwancuwa da lambobi shida, wato 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Haka tsarin masana'antun Japan yake, kuma baburan da aka ƙera bisa zanensu a wasu ƙasashe galibi sun gaji wannan. Notin da kaurin jikinsa milimita 8 ne, a tsarin Japan kansa 12 ne, a tsarin Turai kuwa 13. Ke nan lambobi 13 da 15 da dukkan na inci da suka cika akwatinsa ba su da wurin zama a jikin babur ɗinsa, sai dai su ruɗe shi ya ɗora wanda ya kusa dacewa.

Ya sayi soket na ƙarfen kirki a waɗannan lambobi shida, masu kusurwa shida a ciki, domin irinsu suna kama faffaɗan gefen noti ne, ba ƙarshen kusurwa ba. Ya haɗa da sifanu masu buɗaɗɗen baki a gefe ɗaya da zobe a ɗaya gefen, a lambobin nan dai, saboda akwai wuraren da sai an riƙe kai da ɗaya a murɗa noti da ɗaya, kamar sandar da ta ratsa tayar baya. Ya nemi dogon soket na fulogi mai lamba 18, wanda shi ne girman fulogi mai zaren milimita 12 irin na injinsa. Ƙananan injinan da fuloginsu mai zaren milimita 10 ne, lamba 16 suke ci.

Batun sukundireba ya fi ɗaukar masa lokaci kafin ya gane. Kusa mai kuros ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta Phillips, wadda ta yaɗu daga Amurka tun shekarun 1930, akwai kuma ta ma'aunin Japan da ake kira JIS, wadda sau da yawa akan ga ɗan ɗigo a gefen kuros ɗinta. A ido kamar abu ɗaya ne, amma yankan cikin ya bambanta, shi ya sa sukundireban Phillips ba ya zama daram a cikin kusar JIS, da an matsa masa sai ya hauro waje. Ya duba kusoshin kafiretonsa biyu da suka tsira, ya ga ɗigon. Ya sayi sukundireban JIS lamba 2 da lamba 3, da kuma irin wanda ake bugawa da guduma, wanda ke danna kusa yana juya ta a bugu ɗaya, saboda kusoshin da suka daɗe ba a taɓa ba.

Ragowar abin da ya saya duk na awo ne, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a babban akwatin nan. Akwai sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas idan an kai adadin da aka saita, sai ma'aunin tazara mai siraran ƙarafa kamar ganyen reza, kowanne da kaurinsa a rubuce, sai ma'aunin iskar taya, da 'yar mitar lantarki, da rula ta ƙarfe. Filaya da guduma da famfon iska yana da su tun da. Ya ƙara da ƙarafa biyu na ɓamɓare taya da kayan faci, da buroshi da kananzir na wanke sarƙa, da tire na tarar tsohon mai.

Kayan gyara kuma ya kasa su gida biyu. Na ajiya a gida su ne washar notin juye guda biyar, da zoben roba na murfin bawul, da fakin kofin kafireto, da matatar iska, da takalmin birki na gaba da na baya, da baƙin mai, da man sarƙa, da giris. Na tafiya da su a babur kuwa fulogi ɗaya ne, da fiyus biyu masu lamba daidai da wanda ke ciki, da mahaɗin sarƙa, da wayar kuloci, da ƙwan fitilar baya, da tiyub. Wannan karon kowane abu da lambarsa ya saye shi. A nan ne ya gano cewa fulogin da ya zaɓa da ido ba shi ne littafin ya ambata ba: zare da tsawo sun yi daidai, amma lambar zafinsa daban ce.

Wata na biyar da na shida: sake ayyukan

Da juye ya fara. Ya tayar da inji na 'yan mintuna don mai ya tsinke, ya kashe, ya kwance sabon noti da soket 17, ya sa sabuwar washa, ya saita sifanar awo a kan niyuton-mita 24 da littafinsa ya ba da. Ya rubuta cewa sifanar ta yi ƙas tun hannunsa bai fara jin nauyi ba, har ya yi shakkar ko ta lalace. Washar an yi ta ne da ƙarfe mai laushi domin ta lotsa ta toshe duk wata kafa a ɗaurin farko, wadda ta riga ta lotsa kuwa ba ta da sauran abin bayarwa. Ba a sake ganin ɗigo ba.

Man da ya zuba wannan karon na babur ne mai alamar JASO MA a jikin gora. A irin wannan injin kuloci yana cikin man da ke zagaya injin ne, alhali wasu mayukan mota ana zuba musu sinadarin ƙara santsi don rage shan fetur, abin da ke iya hana faifan kuloci kama juna. Saboda wannan ne aka fito da ma'aunin JASO na man babur a Japan a 1998. Ya kuma daidaita wayar kuloci ta yadda ƙarshen hannun zai yi wasan milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara ja. Santsin ya ragu a cikin mako guda, bayan juye na biyu kuma ya ɓace. Sababbin faifan da ya saya ba a ko buɗe ledarsu ba.

Sarƙa ya canza ta tare da sifoket biyun. Da ya ɗora tsohon na baya a kan sabon, sai ya ga haƙoransa sun sirance sun karkata gefe guda kamar ƙugiya, irin haƙoran da ke cinye sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci. Ya maƙala makullin mahaɗi rufaffen gefenta yana fuskantar inda sarƙa ke tafiya, ta yadda ko wani abu ya goge ta sai dai ya ƙara tura ta ciki. Ya auna wasan sarƙar da rula a tsakiyar sifoket biyun, ya bar milimita 25, tsakiyar 20 zuwa 30 da littafin ya ce. Ya juya taya ya auna a wurare uku, domin sarƙa ba ta saki daidai a ko'ina. Wasan nan dole ne, saboda duk lokacin da shokazoba ta lotsa tazarar da ke tsakanin sifoket biyun tana ƙaruwa, sarƙar da ba ta da wasa kuwa sai ta riƙa jan sandar giya da boris ɗinta.

Awon tazarar bawul, wato ƙofofin da ke shigar da fetur cikin inji su kuma fitar da hayaƙi, ya bari a ƙarshe saboda tsoro. Ya bar babur ɗin ya kwana bai tashe shi ba, tunda da sanyin inji ake awon. Ya buɗe murfin, ya juya injin da soket har alamar T ta daidaita da tsagar da ke jikin ramin dubawa, a zagayen da bawul biyun suke rufe. Littafinsa ya ba da milimita 0.08 ga kowanne, ko da yake akwai injinan da nasu 0.05 ne ko wani adadin daban. A bawul ɗin shigar fetur ganyen 0.08 ya wuce da ɗan ja, yadda ake so. A na fitar hayaƙi kuwa ko ganye mafi siranta a ma'aunin bai shiga ba. Ya sassauta notin kulle, ya juya 'yar kusar kaɗan, ya auna, ya ɗaure, ya sake aunawa ya ga tazarar ta gudu wajen ɗaurin, ya maimaita har sau uku kafin ta zauna. Washegari da safe babur ɗin ya tashi a bugu na biyu.

Wata na takwas: batir

Wata rana maɓallin tayar da inji ya yi ƙas kawai, kuma fitila ta dusashe. Kafin ya sayi komai sai ya ɗauko mita. A kan kawunan batir ɗin ya samu bolt 12.6, adadin cikakken batir ke nan, da ya tayar da inji da kik ya ɗan ba shi wuta kuma ya ga kusan 14, alamar caji yana zuwa. Sai ya bi wayoyi, ya tarar da kusar da ke riƙe da wayar baƙin kai ta sassauta, farin gari ya taru a kanta. Ya kankare, ya ɗaure, ya shafa giris kaɗan, matsalar ta wuce.

Ƙarshen shekara

Mita ta kusa kilomita 32,000. Tun daga wata na biyar babur ɗin bai kwana a jingine saboda gyara ba. Ya yi juye a kan jadawali, ya canza takalmin birkin baya sau ɗaya da kibiyar da ke hannun birkin ta kai alamarta, ya yi faci sau biyu, wayar kulocin da yake yawo da ita kuma ta yi masa rana sau ɗaya a hanya. Bayan gyaran zaren nan, sau biyu ya je wurin bakanike, na farko don ɗaure wayoyin ƙafar gaba da ta fara rawa, na biyu don canza boris ɗin wuya.

Hukunci a kan lamarin

Idan aka bi ɓarnar watanni ukun farko ɗaya bayan ɗaya, ba a samu wadda rashin ƙoƙari ko ƙarancin kayan aiki ya jawo ba. Kan notin juye da kusar kafireto kayan da suka kusa dacewa ne suka lalata su, kuma irin waɗannan sun fi rashin kayan haɗari, domin wanda ba shi da sifana yakan haƙura, wanda nasa ya kusa kamawa kuwa sai ya matsa. Zaren da ya cinye da sarƙar da aka ja tsam rashin awo ne, ga kuma hannun sabon shiga da kullum ya fi karkata ga wuce gona da iri wajen ɗauri. Kwana taran da babur ya yi a jingine da turin da aka yi har gida kuwa ƙananan abubuwa biyu ne suka jawo su, fakin da mahaɗin sarƙa, waɗanda duka za su shiga aljihun riga.

A ganin mai wannan rubutu, kuskuren da ya fi tsada shi ne sayen kayan gyara kafin a tabbatar da ciwon. Faifan kuloci da fulogin farko an saye su ne bisa zato, kafireto ma an buɗe shi bisa zato, alhali laifin yana wurin bawul, inda ganyen ƙarfe guda ya nuna shi cikin minti ɗaya. Da an bar bawul ɗin a matse, mai yiwuwa da ya ƙone, tunda bawul ɗin hayaƙi yana sauke mafi yawan zafinsa ne a lokacin da ya zauna sosai a mazauninsa. Lamarin batir ya nuna cewa mutumin ya sauya tsari, domin alamun sun isa su sa a sayi sabon batir, amma ya auna tukuna.

Akwai abin da za a iya kushe wa tsarin nasa na biyu. Takalmin birkin gaba da matatar iska ta biyu har yanzu suna ajiye, kuma kayan roba irin su tiyub da zobe suna bushewa idan suka daɗe, don haka tara su da yawa ba dabara ba ce. Sifanar awon da ya saya ma ba ta kai ƙarfin da notin tayar baya ke buƙata ba, wannan har yau da kimantawa yake ɗaure shi. Babban akwatin kuwa yana nan, yana amfani da shi wajen gyaran ƙofa da kujeru, kayan babur ɗin kuma suna cikin wata jakar yadi da ba ta kai tsawon kamu biyu ba, tare da shafukan ma'aunai da ya buga, waɗanda gefensu ya yi baƙi da mai.